Halwa da Aya Ɗaya: Yadda Yahudawa Ke Tadabburin Nassi don Warkar da Zuciya

Tun da na taɓo maganar tadabburin Yahudawa a wani rubutu na baya, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu karatu: to, a aikace yaya ake yin sa? A zaune ne ko a tsaye? Da murya ko a zuci? Wace aya, kuma minti nawa? Wannan jagorar amsar waɗannan tambayoyin ce. Jerin matakan ni na tsara shi, amma kowane mataki daga koyarwar malamansu na ɗauko shi, musamman mutum biyu: Rabbi Nahman na Breslov, wanda ya rayu a ƙasar Yukren daga 1772 zuwa 1810, da Rabbi Kalonimus Kalman Shapira na Polan, wanda 'yan Nazi suka kashe a 1943.

Yahudawa ba sa kiran kowa zuwa addininsu, ni ma ba kira nake yi ba. Mai son sani don ilimi zai samu abin da yake nema a nan. Musulmi ko Kirista da ke tunanin ɗaukar wani abu daga ciki ya mayar da shi ibada, ya fara zama da malaminsa ko fastonsa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Abu huɗu ne kawai: littafin Zabura, ƙaramin littafin rubutu da biro, kofi ko buta ta wanke hannu, da agogo. Duk nassin da Yahudawa ke kira Tanak yana cikin sashen Tsohon Alkawari na Littafi Mai Tsarki na Hausa, illa dai jerin littattafan ya bambanta. Mai son ganin asalin Ibrananci zai same shi kyauta a shafin intanet na Sefaria, kuɗin data kawai zai biya.

Gargaɗi tun daga nan: wannan aiki ba ya cin ko kwabo. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya aiko maka da jan zare na ɗaurawa a hannu, ko “sunayen sirri na Kabbala” (ilimin ɓoye na Yahudawa) masu buɗe arziki, kasuwarsa yake ci da kai.

1. Tsayar da wuri da lokaci

Rabbi Nahman ya fi son dare, lokacin da mutane suka kwanta, kuma a bayan gari cikin ciyayi, inda ba a bi da rana. Hujjar da ake kawowa ita ce Farawa 24:63, inda Ishaku ya fita saura da yamma don yin tunani. Sai dai shi kansa ya sassauta: ya ce in babu fili, ɗaki ya isa, in babu ɗaki mutum ya lulluɓa da mayafin addu'arsa, ko ya ja bargo a kan gado, ko ya buɗe littafi a gabansa mutane su ɗauka karatu yake yi. Da halin tsaron da ake ciki a wurare da dama, kada kowa ya shiga daji da tsakar dare saboda wannan. Soro, bayan ɗaki ko gindin bishiyar tsakar gida sun wadatar.

Wurin ya kasance mai tsabta. A shari'arsu ba a ambaton nassi a banɗaki ko kusa da ƙazanta, sai an nisanta da ita kamu huɗu daga inda wari ya ƙare. Rabbi Nahman ya so a yi awa guda kullum, amma mai farawa ya ɗauki minti 20. Wanda ya ɗaura wa kansa awa guda tun ranar farko, da wuya ya kai mako.

2. Wanke hannu, ka zauna

Da safe Bayahude mai kiyaye addini yakan zuba ruwa da kofi a hannun dama, sannan hagu, bi da bi har sau uku kowanne, kuma ana wanke hannu kafin addu'a. Namiji yakan rufe kansa da hula. Zauna a kujera ko tabarma, baya a miƙe amma ba a sandare ba. Wanda yake son fuskantar Urushalima daga ƙasar Hausa, arewa maso gabas zai juya, ko da yake wannan ba sharaɗi ba ne a halwa. Kashe waya gaba ɗaya. In a cikinta ayar take, kwafe ta a takarda tun kafin ka zauna.

3. Zaɓi aya ɗaya, gajera

A nan mafi yawan mutane ke ɓata aikin, har da ni. A makona na farko kullum da sabuwar aya nake zama, yau wannan ta burge ni, gobe waccan. Na ƙare makon da shafi cike da ayoyi masu daɗi, ba ko ɗaya da ta wuce maƙogwarona. Aya ɗaya ake ɗauka, a zauna da ita wata guda ko kwana 40, kuma kada ta wuce abin da za ka faɗa cikin numfashi ɗaya ko biyu.

Zaɓin yana bin ciwon da ke zuciyar. Wanda tunani ya watse masa, ya ɗauki Zabura 16:8, kalma huɗu a Ibrananci: *Shiviti Adonai lenegdi tamid*, wato “Na sanya Ubangiji a gabana koyaushe.” Wannan ayar ce ake rubutawa a allo a rataye a majami'unsu don mai addu'a ya riƙa kallo. Wanda aka yi wa rasuwa ko aka ci amanarsa, Zabura 147:3 ta fi dacewa da shi: Shi ne mai warkar da masu karyayyar zuciya, mai ɗaure raunukansu. Mai jin nauyin laifi ya ɗauki roƙon Dawuda a Zabura 51, *Lev tahor bera li Elohim*, “Ka halitta mini zuciya mai tsarki, ya Allah.” Mai jinyar wani kuwa yana da addu'ar da Musa ya yi wa 'yar'uwarsa Maryamu a Littafin Ƙidaya 12:13, kalma biyar kacal: *El na refa na la*, “Ya Allah, ina roƙonka, ka warkar da ita.” Ni wannan ce ta fi taɓa ni. Mutumin da ya yi kwana arba'in a kan dutse yana ganawa da Ubangiji, da ciwo ya kama 'yar'uwarsa bai iya haɗa dogon zance ba.

Wanda ya yi karatun Larabci zai ji kunnensa na kama wasu kalmomin. *Tahor* ɗan'uwan ɗahir ne, *nefesh* na nafsu, *ruwah* na ruhu, *ehad* na ahad. Amma ba dole ne a yi da Ibrananci ba. Aya da Hausa wadda ka fahimta ta fi ta Ibrananci da kake tauna ba ka san ma'anarta ba.

Gargaɗi biyu a wannan mataki. Na farko, lambar aya. A bugun Ibrananci ana ƙirga kan maganar zabura a matsayin aya, a bugun Kirista ba a ƙirgawa. Shi ya sa ayar zuciya mai tsarki take 51:12 a wurin Yahudawa, amma 51:10 a Littafi Mai Tsarki na Hausa. In ka duba ba ka ga abin da kake nema ba, ja baya aya ɗaya ko biyu. Na biyu, ba kowace zabura ce ta zama da ita wata guda ba. Zabura 88 da duhu ta ƙare, Zabura 109 cike take da la'antar maƙiyi. Mai baƙin ciki ko mai riƙe da wani a rai ya bar su tukuna.

4. Yi shiru kafin ka buɗe baki

Mishna, tsohon kundin shari'ar Yahudawa, ta ce salihan farko sukan zauna awa guda kafin addu'a don su daidaita zuciyarsu. Wannan daidaitawar ita suke kira *kavana*, abin da mu za mu ce niyya da halartar zuciya. Kai minti biyar za ka ba ta.

Hanyar Rabbi Shapira, wadda ake kira *hashkata*, wato lafar da zuciya, ba ta da wuya. Ba korar tunani za ka yi ba, kallonsa za ka yi. Ka tambayi kanka: me nake tunani yanzu? Kuɗin makarantar yara. To, na gani. Sai me? Maganar da wane ya yaɓa mini jiya. Na gani. Tunanin da ake kallo yakan rage gudu da kansa, kamar ruwan rijiya da aka ɗebo a bokiti aka ajiye, laka ta kwanta. Bar numfashi ya tafi yadda ya ga dama. Malamansu na yawan tunatarwa cewa kalmar rai, *neshama*, da kalmar numfashi, *neshima*, tushensu ɗaya.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne jiran kai ya zama fayau kafin a ci gaba. Ba zai zama ba. Minti biyar na cika, wuce.

5. Motsa leɓe da ayar

Kalmar da Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8 suka yi amfani da ita wajen tadabburin Attaura ita ce *haga*. Ainihinta ba tunanin zuci ba ne, ƙaramin sauti ne da ke fita daga maƙogwaro. Da ita Ishaya ya kwatanta kukan kurciya, da ita kuma ya kwatanta gurnanin zaki a kan abin da ya kama. Mu da muke cewa kukan kurciya jawabi ne ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Tadabburin Yahudawa da baki ake yin sa. Ma'aunin muryar kuwa daga Hannatu aka ɗauko shi, a 1 Sama'ila 1:13: leɓunanta na motsi, ba a jin muryarta. Kunnenka ya ji, na kusa da kai kada ya ji.

Minti goma za ka ba wannan mataki, ga yadda za su tafi. Karanta ayar sau uku a hankali kana kallon takarda. Sannan rufe ido ka ci gaba da maimaitawa, aya ɗaya a kan fitar numfashi ɗaya. Bayan ɗan lokaci sai ka fara sauya inda kake dannawa. Ɗauki “Na sanya Ubangiji a gabana koyaushe.” Zagaye na farko ka tsaya a kan *na sanya*: ashe aiki ne da ni zan yi, ba jira zan yi ya faɗo mini ba. Na biyu a kan *a gabana*: to me na ajiye a gabana tun safe, in ba Shi ba? Na uku a kan *koyaushe*: har lokacin da nake cikin fushi? Wata kalmar za ta riƙe ka. In ta riƙe ka, tsaya nan, kada ka yi gaggawar ƙarasa ayar. Wani zaman gaba ɗayansa a kan kalma ɗaya yake ƙarewa, kuma bai ɓaci ba.

Rabbi Shapira ya ja kunne cewa a faɗa da taushi, kada a yi da ƙarfi, domin matsawa tana tayar da son kai ɗin da ake ƙoƙarin kwantarwa. Na ga gaskiyar wannan a jikina. Ranar da na zauna da haƙora a cije ina so lallai sai na ji wani abu, da ciwon kai na tashi. In jiki ya fara rangaji gaba da baya, ƙyale shi, haka Yahudawa ke yi a karatu da addu'a, kamar dai yadda almajiri ke yi a gaban allonsa. Ba a ƙirga adadi, saboda haka ba a buƙatar carbi.

Gargaɗi mai nauyi: Sunan Ubangiji mai harafi huɗu na Ibrananci Yahudawa ba sa furta shi. A addu'a da karatun nassi *Adonai* suke cewa, a hira kuma *Hashem*, ma'ana “Sunan”. In fassarar da ke hannunka ta rubuta sunan da baƙaƙen boko, mai bin hanyarsu “Ubangiji” zai ce. Haka kuma za ka ci karo da hanyar Abraham Abulafiya, malamin ƙarni na 13, ta jujjuya haruffan sunayen Allah tare da numfashi da kaɗa kai. Ba ta mai farawa ba ce, kuma ko a cikinsu ba a shiga irinta ba tare da malami ba.

6. Yi magana da harshen da aka haife ka da shi

Wannan shi ne *hitbodedut*, kaɗaitaka da Ubangiji, kuma shi ne zuciyar koyarwar Rabbi Nahman. Almajiransa da Ibrananci suke addu'ar farilla, amma ya ce a wannan zaman su yi da Yidish, harshen da suke ciniki da faɗa da shi a gida, domin zuciya ta fi saurin karyewa a harshen da ta saba. Ga Bahaushe, Hausa ke nan, irin wadda kake yi da mahaifiyarka.

Ajiye takardar. Fara da godiya a kan abu ɗaya takamaimai na yau, ba “na gode da komai” ba. Sannan ka faɗi abin da ayar ta tono. Misali: “Ka ce kana ɗaure raunuka. Nawa shekara biyu ke nan yana zuba. Na gaji. Har yanzu in na ji sunan mutumin nan gabana faɗuwa yake yi, kuma ina jin kunyar hakan.” Kada ka gyara zancen, kada ka yi wa'azi, kada ka ari muryar malami. Ana kai ƙara, ana tambaya, ana kuka. Abin da ba a yi shi ne ƙarya.

Ranar da bakin ya ƙi buɗuwa fa? Za ta zo, kuma tun a makon farko. Malamin ya ce ko kalma ɗaya ce ka samu, yi ta maimaita ta. Da yawa sukan riƙe *Ribbono shel olam*, “Ya Ubangijin duniya”. Ya kuma ce zaman da mutum ya yi ya kasa cewa komai, shi kansa abu ne mai daraja, kuma yana iya mayar da rashin maganar ya zama abin da zai kai kuka a kansa. Minti biyar sun isa da farko. Wannan sashen ne zai riƙa faɗaɗa da kansa.

Kula da bambancin da suka yi tsakanin karyayyar zuciya da baƙin ciki mai danne mutum. Ta farko kamar yaro ne da ke kuka a gaban mahaifinsa, yakan tashi da sauƙi a ransa. Na biyu yakan bar mutum da ƙunci da jin haushin kowa. Shi ya sa aka yanka wa karyewar zuciya lokaci, sauran yinin kuma aka ce a nemi farin ciki. In ka lura kullum kana tashi daga zaman da nauyi fiye da yadda ka zauna, rage wannan sashen, ka ƙara na godiya.

7. Nemo ɗigon alheri, sannan ka rufe

Kada ka tashi daga kan laifinka kai tsaye. Rabbi Nahman ya koyar da neman abin da ya kira *nekuda tova*, ɗigon alheri: abu ɗaya mai kyau da ka aikata, komai ƙanƙantarsa. Ka ba maƙwabci ruwa. Ka haɗiye wata magana da ta zo bakinka. Zuciya za ta ce ai da riya ka yi. Amsa mata cewa ko da haka ne, akwai ɗigon gaskiya a ciki. Sannan ka roƙi taimako a kan hali ɗaya tak, ka faɗe shi ta fuskar abin da kake so ka zama: “ka ba ni haƙuri da yarana”, maimakon jero munanan halayenka.

Rabbi Shapira yakan rufe da Zabura 86:11, “Ka koya mini hanyarka, ya Ubangiji.” Faɗe ta sau ɗaya, ka ɗan zauna minti guda ido a buɗe kafin ka miƙe. Kada hannunka ya fara sauka a kan waya.

8. Rubuta layi uku

Kwanan wata, kalmar da ta riƙe ka, da abin da ya fito. Layi uku, ba shafi uku ba. Amfaninsa sai bayan wata guda, ranar da ka koma farko ka ga abin da kake kuka da shi a da.

Mai kiyaye Asabar, ranar hutun Yahudawa, ba ya rubutu kuma ba ya taɓa waya daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar, don haka ranar da baki kawai ake yi. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah kuma ba a jefa ta a shara. Yahudawa na tara irinta a ma'ajiya da suke kira *geniza*, daga baya a binne. Wanda ya tashi a gidan da ake ɗauke takardar Alƙur'ani daga ƙasa a sa a ramin bango ya san wannan ladabin.

Aya ba ta maye gurbin likita

Wannan ya kamata a ji shi da kyau, domin daga cikin addinin nasu ya fito. Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, ta hana yin magani da kalmomin Attaura. Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, wanda kuma likita ne a fadar Masar a zamanin Salahuddin, ya yi kakkausar suka ga masu tofa aya a kan rauni. Hujjarsa ita ce sun mayar da Attaura maganin jiki, alhali maganin rai ce. Saboda haka warkarwar da ake nema a wannan zama ta zuciya ce: sassaucin ƙunci, iya yafewa, dawowar kusanci da Ubangiji. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa. Wanda ya yi makonni ba barci, ko ya daina cin abinci, ko tunanin halaka kansa ke zo masa, asibiti zai nufa yau, kuma ya gaya wa wani na kusa da shi. Wanda zaman shiru ke dawo masa da wani mugun abu da ya taɓa faruwa da shi har jikinsa na rawa, ya buɗe ido, ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya dakatar da zaman, kada ya koma sai da rakiyar masani.

Bayan wata na farko

In ayar ta zauna, akwai inda ake ƙarawa. Rabbi Nahman ya ware zabura goma da ya kira *Tikkun Haklali*, gyara na gaba ɗaya, ana karanta su a jere: 16, 32, 41, 42, 59, 77, 90, 105, 137 da 150. Karanta su kafin mataki na biyar, ka bar aya ta gaba ta fito daga cikinsu. Akwai kuma rabon dukan zabura 150 ɗin a kan kwanakin wata, ga mai son saukewa duk wata. Don mara lafiya sukan buɗe Zabura 119, mai aya 176 da aka kasa gida 22 bisa haruffan Ibrananci, takwas takwas, su karanta gidajen da suka yi daidai da haruffan sunansa.

Abin da na fi ba mai riƙo a zuci shawara shi ne na lokacin kwanciya. Kafin Bayahude ya karanta *Shema*, shaidar kaɗaita Ubangiji da ke Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda ake faɗa da hannun dama a kan idanu, akwai wata furtawa da da yawansu ke yi: na yafe wa duk wanda ya ɓata mini rai ko ya cuce ni, a jikina, ko dukiyata, ko mutuncina. Daren farko za ka faɗa, wani suna ya tokare maka a wuya. Kada ka tilasta. Rubuta harafin farko na sunan a littafinka, ka kai shi zaman gobe a mataki na shida.